Inta-haus ɗin bana: rumfa za mu sake kamawa ko fili za mu auna?

Kyaftin Gidan Ja (ajin 1998):
Assalamu alaikum jama'a. Admin a yi mini haƙuri, maganar tawa da ɗan tsawo.

Ranar Alhamis na je inta-haus ɗin tsohuwar makarantarmu, wato gasar guje-guje da tsalle-tsalle tsakanin gidajen ɗalibai, tunda Ma'aji ya ce a samu wanda zai wakilci ƙungiya. Kati ya ce ƙarfe tara, ni kuwa tara saura na isa. Babban baƙo bai iso ba sai sha ɗaya da rabi. Yara na tsaye a layi tun hantsi, an sa musu farar safar hannu, sarauniyar kowane gida ta sha ado har da mai riƙe mata lema. Aka yi maci, aka yi jawabi biyar, aka shiga kiran iyayen gidaje ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaga kofi ya faɗi abin da ya bayar. Sai bayan azahar aka busa usur ɗin tseren farko, kafin la'asar ta yi sanyi an watse. Dogon tsalle ba a yi ba, ramin babu yashi. Jifan mashi ba a yi ba, an ce mashin ya karye da daɗewa.

Ba wannan ne ya hana ni barci ba. A tseren mita 1,500 na ga wani yaro ɗan aji huɗu, siriri kamar sillen kara, ƙafarsa ba takalmi. Tun zagaye na biyu ya fice daga cikin tawaga, ya gama ya bar na biyu da kusan rabin fili, kuma ko durƙusawa bai yi ba, ya wuce yana neman ruwan sha. Aka ba shi bokitin roba da littattafan rubutu. Na tambayi malamin wasanni minti nawa ya yi, ya ce ba a ɗauka ba. Na ce to daga nan sai ina? Ya ce sai baɗi in Allah Ya kai mu.

Tambayata ke nan. Gudummawar da muke tarawa duk shekara, a kan hayar rumfa da kujeru da lemon kwalba take ƙarewa. Haka za mu ci gaba?

Ma'aji:
Wa alaikumus salam Kyaftin. Kafin a fara jifana, a sani cewa ba ni nake zaɓar abin da za a saya ba. Makaranta ke aiko da takardar buƙatu, mu ɗauki wanda ƙarfinmu ya kai. Rumfa da kujeru su ne a sama duk shekara. Rasit yana nan ga mai son gani.

Kyaftin Gidan Ja (ajin 1998):
Ba wanda ya zarge ka Alhaji. Takardar ce nake cewa a sake dubawa.

Mai Shago a Kwari (ajin 2003):
Ni fa ban ga laifin biki ba. Yaran nan shekara guda suna cikin aji, rana ɗaya ce tasu. Iyaye su zo, a yi hoto, a ci shinkafa. Kun manta yadda muke ƙirga kwanaki saboda ranar? Kuma in babu rumfa babban baƙo ba zai zauna ba, in bai zauna ba babu gudummawa, in babu gudummawa ko bokitin ma yaron ba zai samu ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ɗan Auta (ajin 2019):
Yaya Mai Shago ai Gidan Kore kake, ku dama maci kaɗai kuke ci, dole ka kare biki 😂

Mai Shago a Kwari (ajin 2003):
Kai yaro, lokacin da muka ci tseren miƙa sanda ko rarrafe ba ka fara ba.

Tsohon Malamin Wasanni:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta abin da Kyaftin ya rubuta har sau biyu. Bari in faɗa muku abin da ya ɓace, domin ba rumfa ce ta kashe wasan ba.

A zamanin da nake riƙe da filin nan, abin da kuke kira inta-haus rana ce ta ƙarshe, ba ita ce ta farko ba. Da an dawo hutun zango na biyu, sati na farko gudun daji ne, kowa da kowa, har masu ƙiba, a fita ta bayan makaranta a zagayo ta gonaki. Daga nan kowane gida ya shiga atisaye da yamma bayan la'asar. Sati na uku zuwa na biyar a yi ta tankaɗe da rairaya: yau mita 100 da 200, gobe 400 da 800, jibi tsalle-tsalle da jife-jife. Akwai ma abin da muke kira ma'auni, wato duk yaron da ya kai wani lokaci ko wani nisa da aka gindaya, gidansu ya samu maki ɗaya ko da bai zo na ɗaya ba. Shi ya sa za ka ga kyaftin yana bin ɗakuna yana tono yaran da suka ɓuya a ƙarƙashin gado, don makin kowa yana da amfani. Ranar biki waɗanda suka tsira daga rairayar kaɗai ke gudu. Bayan biki kuma a fitar da tawagar makaranta, a kara da makarantun shiyya, waɗanda suka yi fice su tafi na jiha. Ka ga kaka guda ke nan ta wata biyu zuwa uku.

Ina da babban littafi mai baƙin bango da nake rubuta bajintar makaranta a ciki, tsere da tsere, shekara da shekara. Yaro zai zo ya ce Malam, nawa ne na mita 400? In buɗe in nuna masa, ya tafi yana cizon yatsa. Wannan cizon yatsar shi ne horo. Yaron da Kyaftin ya gani bai san da wa yake tsere ba, tunda ya riga ya wuce duk wanda ke filin, kuma babu lamba a takarda da zai kora.

Abin nan kuma ba mu muka ƙirƙiro shi ba. Tun zamanin Turawa akwai gasar garkuwar Hussey, inda 'yan makarantun Arewa ke karawa da na Kudu a guje-guje da tsalle-tsalle. Shi Hussey ɗin daraktan ilimi ne, kuma shi kansa ya yi gudun tsallake shinge a Olamfik ta 1908 a Landan. Wato tun asali a cikin tsarin karatu aka dasa abin.

Kyaftin Gidan Ja (ajin 1998):
Allah Ya ƙara lafiya Malam. Wallahi ina tuna littafin nan. Yana ina yanzu?

Tsohon Malamin Wasanni:
Na bar shi a ofis ranar da na yi ritaya. Da na koma bayan wasu shekaru na tambaya, aka yi ta kallon-kallo.

Injiniya (ajin 1995):
Ranka ya daɗe Malam, ko an samo littafin akwai wata matsalar. Ni ma na je ranar Alhamis, kuma da idon aikina na kalli filin. Abin da aka zana da toka da baƙin mai ba mita 400 ba ne. Na taka shi da ƙafa bayan an tashi, da ƙyar in ya wuce 340. Ke nan mita 1,500 ɗin da Kyaftin ke magana ba mu san ko mita nawa ba ne a gaskiya.

Fili na ƙa'ida ba wani sihiri ba ne. Miƙaƙƙun ɓangarori biyu, kowanne mita 84.39, sai lanƙwasa biyu masu rabin da'ira, daga tsakiya zuwa bakin layin ciki mita 36.5. Ana auna gudun ne santimita 30 daga bakin layin, shi ke ba da 400 cif. Faɗin kowane layi mita 1.22. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne tseren mita 400, an jera yara takwas a kan layi ɗaya miƙe, aka ce kowa ya tsaya a layinsa har ƙarshe. Jama'a, wanda ke layi na biyu ya kamata a matsar da shi gaba da mita bakwai da 'yan kai, na uku a ƙara masa fiye da bakwai da rabi a kan wancan, haka har na takwas. Yaron da aka sa a layin waje ya yi gudun da ya ɗara na ciki da mita hamsin da wani abu. Ya zo na biyar yana kuka, kuma wataƙila shi ne ya fi kowa gudu a wurin.

In filin bai kai ya ɗauki 400 ba, a zana 300 ko 200 na gaskiya, a san abin da ake ƙirgawa. Tef mai mita 100, igiya, turaku da yini ɗaya, shi ke nan.

Ɗan Auta (ajin 2019):
To Siniya Injiniya, ka rusa mini tarihi ke nan. A shekararmu an ce wani ɗan Gidan Shuɗi ya yi mita 100 a daƙiƙa 10.2, har aka ɗaga shi sama aka zagaya da shi.

Injiniya (ajin 1995):
Ƙanena, Olusoji Fasuba da ya riƙe bajintar Afirka shekara da shekaru 9.85 ya yi, a Doha a 2006. Usain Bolt 9.58 a Balin a 2009. Kana ganin ɗan aji shida, a kan turɓaya, ba takalmi mai ƙusa, zai yi 10.2? Ko dai mitocin 90 ne, ko mai agogo ya danna a makare. Ko da an auna fili daidai, agogon da ake dannawa da hannu yana rage lokaci, shi ya sa masana ke ƙara kusan 0.24 a kan abin da ya nuna a gajeren tsere. Kuma hayaƙin bindigar fara tsere ake kallo a danna, ba ƙara ake jira ba, don ƙara tana isowa a makare.

Ɗan Auta (ajin 2019):
Da wayar wani ɗan hidimar ƙasa aka ɗauka 😭

Baba (ajin 1979):
Ku yara kuna ta lissafin santimita. Ni tambayata ɗaya: a ce an auna, an saya agogo, yaron nan ya zama zakaran jiha. Sai me? Uban yaron zai ce muku gudu ne zai ci da shi? Mu nan Arewa in ba ƙwallo ba, wa ya san ka? Ku lissafa mini waɗanda suka ciyo wa Najeriya lamba a wannan fanni. Chioma Ajunwa, zinare a dogon tsalle, Atlanta 1996, mita 7.12. Falilat Ogunkoya da Mary Onyali, tagulla a shekarar. Tobi Amusan da ta kafa bajintar duniya a gudun tsallake shinge a 2022, 'yar Ijebu Ode ce. Ese Brume daga Delta. Ina namu? Ba na hana ku ba ne, amma kar a ɗora wa yaro buri a bar shi a tsakiyar kogi. Gara a saya wa ɗakin gwaje-gwaje kayan aiki.

Kyaftin Gidan Ja (ajin 1998):
Baba, da girmanka, amma jerin nan naka hujjata ce ba taka ba. Waɗannan ba daga sama suka faɗo ba, akasarinsu a filin makaranta wani ya fara ganin su, kuma aka samu mataki na gaba da za su taka. Mu matakin ne babu. Sa'annan duk sunayen da ka kawo na gajeren tsere ne da tsalle. A dogon zango fa? In ana maganar 'yan Najeriya masu gudun ya-da-ƙanin-wani, 'yan Filato ne a gaba, yankin Pankshin da kewaye. Jos tana kan tudun da ya kai wajen mita 1,200, Mambila ta haura 1,500. Garin Iten na Kenya da duniya ke tururuwa zuwa atisaye yana wajen 2,400. Ba mu kai su ba, amma ba a ce ba mu da komai ba. Tun da aka fara gudun fanfalaki na Legas a 2016, 'yan Kenya da Habasha ke kwashe manyan kyaututtukan a gabanmu. Yaron da ke tafiyar kilomita biyar zuwa makaranta kullum, ya dawo ya tafi kiwo ko gona, rabin horon ya riga ya yi shi ba da saninsa ba.

Baba (ajin 1979):
Na ji. Amma ba ka amsa mini batun uban yaron ba.

Barista (ajin 2001):
Baba bari in gwada. Ba sai ya je Olamfik ba. Soja, 'yan sanda, kwastan, sibil difens, duk suna da tawagar wasanni, kuma ana ɗaukar masu gudu. Ita Chioma Ajunwa da ka ambata 'yar sanda ce. Jami'o'i na da gasarsu ta NUGA. Akwai gasar matasa ta ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 15, wadda Ilori ta sha karɓar baƙuncinta. Akwai babban bikin wasanni na ƙasa da aka fara a Legas a 1973, Kaduna ta karɓa a 1977 da 2009. Ƙofofin suna nan. Abin da ke faruwa shi ne, in lokaci ya matso wasu jihohin sai su ɗauko hayar 'yan wasa daga wani wuri su sa musu rigarsu, saboda ba su da nasu da suka raina. Yaron da ke da takardar shaida mai ɗauke da lokacinsa, da sa hannun wanda ya san aiki, yana da abin nunawa. Mai bokiti ba shi da shi.

Alhajin Maraɗi (ajin 1992):
Ni da nake zaune a nan Nijar bari in ba ku misali na kusa, ba sai an je Kenya ba. Ku dubi kokowar gargajiya. Tun 1975 ake gasar takobi ta ƙasa. Jihohi takwas kowace ta tace 'yan kokowarta tun daga ƙauye, a fitar da gwanaye, a haɗu a gari ɗaya, ƙasa gaba ɗaya ta kasa kunne a rediyo. Yaro a ƙauyen Doso ko Tawa ya san in ya kayar da na garinsu akwai na gaba, in ya kayar da shi akwai na gaba, har takobi. Ba kayan zamani suka fi mu ba, fili ne da yashi. Tsani ne kawai suka kafa kuma ba su bari ya karye ba.

Injiniya (ajin 1995):
Haka Jamaika take da gasar makarantun sakandarenta. Tun 1910 ake yin ta, kuma babban filin wasa na Kingston cika yake yi don kallon 'yan makaranta. Bolt ta nan ya bi.

Maman Biyu (ajin 2000):
Sannunku da lissafi. Tun ɗazu ake cewa yaro, yaro. 'Yan matan fa? 'Yata tana aji biyar a makarantar. Ranar Alhamis abin da aka ba mata shi ne maci, tseren cokali da ƙwai, da tseren zura zare a allura. Allura fa, jama'a! Mita 100 ɗaya aka yi na mata, shi ma rabinsu sun ƙi fitowa. Ni na yi mita 200 da 400 a filin nan, Malam shaida ne.

Tsohon Malamin Wasanni:
Shaida ne ni. Ke ce kika faɗi a lanƙwasa kika tashi kika kamo ta biyu.

Ustaz (ajin 1997):
Hajiya, ƙin fitowar tasu yana da dalili, kuma ni ina ganin dalilin mai kyau ne. Budurwa ta balaga, a ce ta yi gudu a gaban maza baƙi, ga samarin gari sun kewaye fili suna ihu, kowa da waya a hannu yana ɗauka. Gobe ki gan ta a TikTok an sa mata kiɗa. Wane uba ne zai so haka? Ni ba na adawa da motsa jikin mata, amma ba a irin wannan taron ba.

Maman Biyu (ajin 2000):
Malam Ustaz, a kan wayar nan ban musa maka ba, ni ma abin yana damuna. Amma maganin ƙazamin ruwa ai ba hana shan ruwa ba ne. A ware musu yammacinsu, malamai mata su tsaya, a rufe ƙofa, iyaye mata su shigo. Dogon wando mai kauri, riga mai dogon hannu har gwiwa, ƙaramin hijabi da ba ya kama iska, wa ya ce ba a gudu da su? Makarantun 'yan mata zalla ai haka suke yi. Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinare a mita 400 na tsallake shinge tun 1984, Musulma ce 'yar Musulmi. Ni ba zinare nake nema wa 'yata ba. So nake ta san jikinta yana da ƙarfi kafin ta kai shekaruna gwiwa ta fara ƙara.

Ustaz (ajin 1997):
In dai za a ware kuma a hana ɗaukar hoto, ba ni da ta cewa. Sharaɗin ne nake shakkar za a kiyaye. An sha faɗa a baki.

Maman Biyu (ajin 2000):
To ka zo ka tsaya a bakin ƙofa da kanka, ka ga an huta.

Ɗan Auta (ajin 2019):
An naɗa Ustaz mai gadi 😂😂

Admin:
Ɗan Auta a kiyaye. A ci gaba, amma banda zolaya ga manya.

Anti Nas (ajin 1999):
Ni ta fannina zan yi magana. Yara uku suka faɗi ranar Alhamis, biyu tun a wurin maci. Abin da aka tanada shi ne garin gulukos a tafin hannu, a lasa. Gulukos ba ya maganin ƙishirwa. Yaron da ya tsaya awa uku a rana, wataƙila ko karin kumallo bai yi ba, ruwa yake buƙata da inuwa, in ya galabaita a ba shi ruwan gishiri da sukari. Rumfunan da muka biya manya ne a ƙarƙashinsu, masu gudun suna zaune a rana. In za a kama rumfa, ta farko ta zama tasu.

Na biyu, sikila. A ƙasar nan kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS. Mai AS yana wasa lafiya lau, da yawa daga cikin manyan 'yan wasa haka suke, amma in aka haɗa masa zafin rana, rashin ruwa da gudun ƙure ƙarfi ba tare da ya saba ba, ana iya samun matsala. Mai SS kuwa bai kamata kyaftin ya tilasta masa dogon tsere don neman maki ba. Akwai masu asma kuma, ga ƙurar hunturu. Kafin a fara atisaye a san waye waye. Wannan ma wani dalili ne da ya sa tsarin Malam ya fi: jikin da aka ɗauki sati shida ana shirya shi ba ɗaya yake da wanda aka tsamo daga aji ranar biki aka ce ruga ba.

Tsohon Malamin Wasanni:
Allah Ya yi miki albarka. Ki ƙara da jife-jife. Na taɓa ganin an ba 'yan aji uku dalmar manya mai kilo 7.26 suna jifa, kafaɗa na neman gocewa. Ta 'yan ƙasa da 18 kilo 5 ce ga maza, 3 ga mata. Tsallen sama kuma, in babu katifa kar a bar yaro ya gwada juyawa ta baya irin ta Fosbury a kan yashi. Ya yi almakashi, ya sauka da ƙafarsa. Wuyan ɗan mutum ba abin wasa ba ne.

Malama a Makarantar (ajin 2008):
Na yi shiru ne don ina ciki, kar a ce na kare gida. Amma ku ji ta ɓangarenmu. Malamin wasanni ɗaya ne ga makaranta gaba ɗaya, kuma an haɗa masa da wani darasin. Yanzu akasarin yara jeka-ka-dawo ne, ana tashi suke tafiya, da yamma suna Islamiyya ko wurin sana'a, wa zai dawo atisaye bayan la'asar? Zamanin Malam kowa yana kwana a ciki. Ga lokaci. A 2025 azumi ya kama a farkon Maris, har Kano da Katsina da Bauchi da Kebbi suka rufe makarantu. Duk shekara yana matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya, wato yanzu tsakiyar zango na biyu yake ci. Bayan salla zafi ya sauko, 'yan aji shida sun shiga shirin WAEC. Bana dole aka matse komai a sati biyu, kuma sati biyun a koyon maci suka tafi, don shi baƙi ke kallo.

Kyaftin Gidan Ja (ajin 1998):
Malama mun gode, wannan ba mu san shi daga waje ba. To me zai hana a mayar da shi zangon farko? Oktoba ruwa ya ɗauke, ƙasa ta yi tauri, Nuwamba sanyi ya fara.

Malama a Makarantar (ajin 2008):
Zai yi na 'yan shekaru. Amma azumin yana tahowa can ma, a 2030 sau biyu zai zo, a Janairu da ƙarshen Disamba. Sai dai a riƙa duba kalanda duk shekara maimakon a ce dole watan kaza. Atisaye kuma a sa shi da safe, minti arba'in kafin shiga aji, sau biyu a sati. Wannan shugaban makaranta zai iya amincewa in ƙungiya ta rubuto. In ni na faɗa, ƙorafin malama ne. In ku kuka rubuta, shawarar masu ba da gudummawa ce.

Mai Shago a Kwari (ajin 2003):
Duk na ji. Amma ina nan a kan bakana, in kuka cire biki gaba ɗaya, shekara biyu ba za a yi ba abin zai mutu murus. Ko banza bikin ne ya sa Kyaftin ya je har ya ga yaron.

Barista (ajin 2001):
Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a cire. Ga abin da nake gani: rabin kuɗin bana a bar wa rumfa, da sharaɗin ɗaya ta 'yan wasa ce kamar yadda Anti ta ce. Sauran rabin a sayi agogon auna gudu uku, tef, tifar yashi ɗaya, sandunan miƙawa, da sabon littafi. Abin da ya rage a ajiye na mota. Ko gasar shiyya ba ta samu ba, mu gayyaci makarantu uku na kusa ranar wata Asabar, ba babban baƙo, ba jawabi.

Baba (ajin 1979):
Ku yi. Ni dai nawa kason a kai ɗakin gwaje-gwaje, Ma'aji ka rubuta. Amma takalmin yaron nan ni zan saya. A tambayo lambar ƙafarsa.

Tsohon Malamin Wasanni:
Alhaji, kar a fara masa da mai ƙusa. Ƙafar da ta saba da ƙasa, in ka ɗora ta kan ƙusa rana ɗaya sai agara ta kumbura. Kambas mai laushi tukuna, ya saba. Kuma a fara zuwa wurin mahaifinsa kafin a kai masa komai, kar ya ga kaya daga sama ya ɗauka wani abu ne.

Malama a Makarantar (ajin 2008):
Zan yi magana da malamin ajinsu gobe. Ina jin a wajen kakarsa yake zaune.

Ma'aji:
To a taƙaice me zan rubuta? Rabi da rabi? Masu goyon baya su ɗaga hannu kafin Juma'a, don ni ba na fitar da ko sisi sai na ga adadi.

Injiniya (ajin 1995):
✋ Asabar ƙarfe bakwai ina filin da tef da igiya. Ina buƙatar mutum huɗu da guduma. Malama a nemo mana izinin shiga.

Ustaz (ajin 1997):
✋ Amma batun ranar mata a sa shi a cikin wasiƙar, a rubuce, da maganar waya.

Maman Biyu (ajin 2000):
✋ Ni zan rubuta wannan sakin layin da hannuna.

Mai Shago a Kwari (ajin 2003):
Ban ɗaga ba tukuna. Turakun dai ku zo shago ku karɓa, akwai ragowar rodi.

Ɗan Auta (ajin 2019):
Siniya Injiniya, in an auna mita 100 ɗin na gaskiya a kira ni. Zan nemo ɗan Gidan Shuɗin nan ya zo ya maimaita 10.2 ɗinsa a gaban Malam.

Tsohon Malamin Wasanni:
Ka kawo shi. Usur ɗina yana nan a cikin durowa. Wani ya biyo ya ɗauke ni, ƙafar ba ta kai ni bakin titi yanzu.